Filin Tambaya da Amsa: ɗakin ƙarƙashin ƙasa zai zaunu kuwa?

Wannan karon wasiƙun da suka taru kusan duk akan abu ɗaya suke, ɗakin nan na ƙarƙashin gida da wasu ke cewa besmen, wanda yawanci ake mayarwa sito a jibge tsofaffin kujeru da katifu da kwalaye a kulle a manta dashi, sai ranar da gida yai wa mutane kaɗan sannan a tuna ashe akwai wani fili a ƙasa. Na zaɓi waɗanda nake ganin amsarsu zata amfani kowa, wasu na ɗan rage musu tsawo, masu su ayi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dafatan kana lafiya ya aiki. Dan Allah shawara nake nema, gidan da muke ciki yanada wani babban ɗaki a ƙasa faɗinsa ya kai rabin gidan kuma yara sun girma wlh falon sama baya ɗaukarmu, shine nace bari in gyarashi ya zama falo na biyu, na riga nayi magana da mai fenti da mai silin har mun tsaida rana, amma kuma in anyi ruwa mai ƙarfi kusurwa ɗaya takan yi duhu tayi laima sannan akwai wani farin abu kamar gishiri dake fitowa a jikin bango, mai fentin yace ba komai akwai fentin dake hana ruwa in ya shafa hannu biyu shikenan. In barshi ya shafa? Daga wani magidanci.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam ka kira mai fenti da mai silin ka basu haƙuri ka ɗaga ranar nan, dan aikinsu shine na ƙarshe. Farin abun da kake gani, wanda magina ke cewa kanwa, gishirin dake cikin siminti da bulo da ƙasa ne, ruwa ke narkar dashi ya ratso bango dashi, in ya iso ciki ruwan ya bushe shi kuma gishirin ya zauna a fuskar bango. Kaga kenan duk inda ka ganshi ruwa na bi ta wajen ko da ranar da ka duba a bushe yake. In aka shafa fenti ta ciki ruwan yana nan yana turowa ta baya, har fentin ya kumbura yayi ƙuraje ya ɓare, in kuma an riga an buga allo an rufe bangon to ba ma zaka gani ba sai dai hancinka ya gaya maka.

Ni yadda nake ɗaukar ɗakin ƙasa, rijiya ce da aka gina aka hanata tara ruwa, kuma ruwan baya haƙura. Ruwa mai zurfin mita 1 in ya tsaya a ƙasar dake bayan bangonka, a can gindi yana danna kusan nauyin tan 1 akan kowace murabba'in mita, wane fenti ne zai riƙe wannan shekara da shekaru? Dan haka ka fita waje tukunna, kuma ka fita lokacin da ake tsaka da ruwan, da lema, ka zagaya gidan. Lissafin mai sauƙi ne, milimita 1 na ruwan sama akan murabba'in mita 1 lita 1 kenan, to rufi mai murabba'in mita 100 in aka yi ruwa na milimita 25 ya tara lita 2,500, duk kuma ta indararo zai sauko. Ina yake zuba? Ina da yaƙinin in ka duba kusurwar nan dake yin duhu zaka tarar da indararo ko bututun saukar ruwa a kanta ko kusa da ita. A ƙara masa bututu ya kai ruwan nesa da bango kamar mita 2 ko ya shiga magudana kai tsaye. Sai ka dubi ƙasar dake jikin gidan, ya kamata ta gangara daga bango zuwa waje, magina na so ta sauka kamar santimita 15 cikin mita 3 na farko, amma abinda ke faruwa shine ƙasar da aka maida cikin ramin bayan an gama gini takan zauna a hankali sai gangaren ya juyo wajen gida. Haka fulawar da aka shuka a jikin bango ana mata bayi safe da yamma, da bututun famfo dake tsiyaya a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya sani. Ɗakuna da yawa iya wannan gyaran ne ke busar dasu, kuma shine mafi sauƙi a aljihu, shi yasa nake jin haushin masu fara zancen fasa daɓe tun basu leƙa waje ba.

Ka gyara waɗannan ka jira damina ta gwada aikin. Na san zaka ce yara na matse, to gara matsin wata huɗu da ka ɓalle silin da allon da ka biya.

In har bayan haka ruwa na shigowa to ruwan ƙasa ne ke tasowa, ko kuma ƙasar wajen yumɓu ce mai riƙe ruwa, nan sai babban aiki. Ko dai a tone ta waje har gindin harsashi, a wanke bango a toshe tsaga a shafa kwalta ko a manna shimfiɗar roba mai hana ruwa, a kwantar da bututu mai huji-huji cikin tsakuwa a naɗe da yadin dake tace laka dan ya kwashe ruwan ya fitar, wannan shi yafi dan ruwan baya ma taɓa bangon, sai dai ba ko ina ake samun wajen tono ba. Ko kuma ayi ta ciki, a fasa daɓe a gefe-gefe a zagaye ɗakin da 'yar magudana, a manna roba mai ƙululu a bango yadda duk ruwan da ya ratso zai gangara ta bayanta ya faɗa magudanar, ita kuma ta kai shi wani ɗan rami da aka sa injin famfo a ciki, in ruwa ya kai wani mataki injin ya tashi da kansa ya tura shi waje. Ƙa'idar Birtaniya ta wannan aiki, BS 8102, hanya uku ta lissafa, a tare ruwan da shimfiɗa, ko a zuba kankaren da shi kansa baya yoyo, ko a bar ruwan ya shigo a kama shi a fitar, kuma inda haɗarin yake da yawa ana haɗa biyu ne. Abu ɗaya game da injin nan, lokacin da aka fi buƙatarsa shine lokacin hadari da iska, kuma lokacin ne wuta tafi ɗaukewa, dan haka a haɗa masa batir, a sa masa bawul mai hana ruwan da ya tura dawowa, kuma a riƙa zuba bokitin ruwa a ramin lokaci-lokaci a ga ko yana tashi.

Ka kuma duba tsaga. Siririya ta tsaye kamar gashi yawanci bushewar kankare ce, ana cusa mata maganin toshiya a wuce. Amma tsagar da ta kwanta ta bi tsawon bango, ko wadda ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, ko bangon ya turo ciki, wannan ƙasa ce ke tura ginin, injiniya zaka kira ba birkila ba.

TAMBAYA: Salam Malam barka da ƙoƙari. Ni namu ɗakin ruwa baya shiga ko ɗigo amma wari yake, irin warin tsohon kaya, takalma da jakunkuna duk sunyi fumfuna, kullum ina buɗe taga iska ta shiga amma kamar ƙaruwa ma yake musamman lokacin zafi, inaso in maidashi wajen ɗinki da karatun yara ya zanyi? Daga wata uwar gida.

AMSA: Hajiya tagar da kike buɗewa tana iya zama ita ce matsalar, na san abin zai baki mamaki. Bango da daɓen ɗakin ƙasa sanyi garesu saboda ƙasar dake bayansu, ita kuma iskar waje lokacin zafi da damina ɗauke take da laima. Iskar da zafinta ya kai digiri 30 kuma laimarta kashi 70 cikin 100, da ta taɓa abinda sanyinsa ya kai digiri 24 ko ƙasa da haka sai ta fara sauke raɓa a kansa. Kinga kina buɗe taga dan ɗaki ya bushe ashe ruwa kike shigo masa dashi. Ki buɗe lokacin da iskar waje take a bushe da ɗan sanyi, ki rufe ranar da gari yai nauyi.

Amma kafin ki yarda da maganata ki gwada. Ki yanki leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ki manna a bango da salatif ki rufe gefen huɗu ruf kar iska ta shiga, ki manna wata a daɓe, ki barsu kwana 2 zuwa 3. In kin tarar da jiƙa a bayan ledar, tsakaninta da bango, to laima ce ke ratsowa daga ƙasa, ki koma ki karanta amsar da na ba malamin can na sama. In a fuskar ledar ne ta ɓangaren ɗaki, raɓa ce daga iska. Wani ɗakin duka biyun zaki gani.

Ki sayi ɗan agogon auna laima ki rataye, ana so ya zauna ƙasa da kashi 60, in ya samu 50 yafi. Abinda ke sauke shi shine na'urar tsotse laima, ki nemi wadda ake sa wa tiyo ruwan ya riƙa zuba a magudana da kansa, dan mai bokiti da ta cika take tsayawa kuma ba kullum zaki tuna ba. Na'urar sanyaya ɗaki ma tana rage laima in tana aiki. Kada a shanya wanki a ciki. Kwalaye da tsohuwar katifa da kafet ɗin da suka riga suka yi fumfuna ki haƙura dasu, basa wankuwa har ciki, kuma fumfuna bata buƙatar fiye da awa 24 zuwa 48 akan abu mai jiƙa ta kama. Wadda ke jikin bango in bata wuce murabba'in mita 1 ba ki goge da ruwa da sabulu, da safar hannu da takunkumi, ki busar sosai, in tafi haka ko akwai mai asma a gidan a nemi masu aikin. Kuma dan Allah kada ki haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki wai dan yafi ƙarfi, iska mai guba suke fitarwa, a ɗakin da dama iska bata zagayawa.

In kin zo rufe bango, ki gaya wa kafinta kar ya jingina katako ko audugar hana zafi kai tsaye da kankare. Allon soso mai tauri ake fara mannawa a bangon a like bakin da suka haɗu, shi ke hana iskar ɗaki taɓa kankare mai sanyi, sannan a kafa firam, na ƙarfe ko katakon da aka yi wa magani saboda ruɓa da gara, sannan allon jifsam a kai wanda za'a ɗaga daga daɓe kamar santimita 1 dan kar ya sha ruwa in wani abu ya zube. Soson nan yana cin wuta da hayaƙi mai muni shi yasa ba'a barinsa a buɗe, dole a rufe shi.

TAMBAYA: Malam namu gajere ne, in na miƙe tsaye saura kaɗan kaina ya taɓa sama, na auna mita 1.9 ne. Wani mai aiki yace zai kawo yaransa su tone ƙasan su ƙara rabin mita cikin sati ɗaya, kuma akwai wani ginshiƙi a tsakiya da ya tsone min ido yace shima zai cire. Meye ra'ayinka?

AMSA: Ɗan'uwa kar ka bari ya kawo ko cebur. Bangon gidanka akan harsashi yake zaune, shi kuma harsashin akan ƙasar da zasu tone, in suka yi ƙasa da gindinsa suka kwashe ta gefensa to nauyin gidan gaba ɗaya ya rasa abin dogara, kuma daɓen kansa yana taimakawa wajen tokare gindin bango kar ƙasar waje ta turo shi. Ana ƙara zurfin ɗakin ƙasa, ba wai ba'a yi bane, amma yadda ake yi shine injiniya ya duba ƙasa da harsashi ya zana, a raba bangon gida-gida kamar mita 1 kowanne, a tone ɗaya a zuba masa sabon kankare a ƙarƙashin tsohon a bari ya kama, a tsallake na kusa dashi a je wani can, a haka har a zagaye. Aikin watanni ne. Akwai wata hanyar da ba'a taɓa ƙarƙashin harsashi, a bar dakali na kankare a gefe-gefe a tone tsakiya kawai, tafi sauƙi amma tana cin fili. Kuma kar ka manta duk santimitar da ka sauka kana ƙara kusantar ruwan ƙasa ne, ɗakin da yake a bushe yau yana iya fara tsatsafa bayan tono. In bangonku ɗaya da maƙwabci kuwa gidansa ma ka taɓa, sai da saninsa da izinin hukumar dake kula da gine-gine.

Ginshiƙi kuma ba dan ado aka sa shi ba, bim ne a kansa, wato dogon kankare ko ƙarfen da ke kwance yana ɗaukar nauyi, bim ɗin kuma ɗakunan sama ne a kansa. Ana iya cire shi in injiniya ya lissafa ƙarfen da zai karɓi nauyin, in ba haka ba ka naɗe shi da katako ko ka jera kanta a jikinsa ku zauna lafiya.

Maganar tsawo, kundin dokokin gina gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi yana neman ƙafa 7 ga ɗakin zama, wato kusan mita 2.13, kuma bayan an gama daɓe da silin ake aunawa. Naka 1.9 tun kafin a sa komai, in aka sa tayil da silin ya ƙara raguwa. In ba zaka iya aikin injiniya ba ni dai shawarata ka barshi sito mai tsafta da wajen wanki, ka kwashe tarkacen sama ka sauko dasu, zaka ga ɗaki guda ya fito maka a sama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, ni ɗaliba ce kuma mu huɗu ne a ɗaki ɗaya da ƙannena, babanmu yace zai gyara mana ɗakin ƙasa ni da mai bi min mu koma can da kwana, naji daɗi sosai amma mamanmu ta ƙi tace ita hankalinta bai kwanta ba saboda taga ɗaya ce ƙarama can sama kusa da silin kuma da ƙarfe a jikinta, sannan a nan ake ajiye janareta da tukunyar gas ta ajiya, ni kuma gani nake kawai tsoro ne irin na iyaye, dan Allah ka mata bayani.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Bayanin dai ke zan yi wa, dan mamanku ta fiki gaskiya, kiyi haƙuri. Ɗakin zama da rana daban, ɗakin da mutum zai rufe ido yai barci daban. Ki ɗauka wuta ta tashi a kicin cikin dare kuna ƙasa, hanyarku ɗaya ce matakala, kuma matakalar cikin gidan da ke cin wuta take kaiwa. Shi yasa duk ɗakin kwana na ƙasa ake so ya samu mafita ta biyu da zata kai mutum waje kai tsaye, ƙofa ko taga. Dokar Amurka da na ambata ɗazu ta faɗi awon tagar, in an buɗe ta sararin da mutum zai bi ya kai murabba'in mita 0.53, tsawonsa kar ya gaza santimita 61, faɗinsa kar ya gaza 51, kuma bakinta kar ya fi santimita 112 daga daɓe yadda yaro ma zai iya hawa. In tagar ƙasa take da doron ƙasa sai a haƙa mata rami ta waje mai faɗin da mutum zai juya a ciki, in yayi zurfi a kafa tsani, kuma a yi wa ramin magudana dan kar ya tara ruwa ya zubo muku ta tagar. Kowace ƙasa da tata dokar, babanku ya tambayi ta inda kuke, amma awon nan ya nuna miki abinda ake nufi, har ɗan kwana-kwana da kayansa ya iya shigowa. Ƙarfen taga kuma in dole sai an sa, ya zama mai buɗewa ta ciki ba tare da neman makulli ba. Faɗaɗa taga yanka bangon da ke ɗauke da gida ne, shima sai da injiniya.

Janareta kuwa ko ba mai kwana bai kamata a tada shi a ɗakin ƙasa ba, ko da taga a buɗe. Hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksayid, wata iska mai guba, bata da wari bata da launi, mai barci baya farkawa balle ya gudu, kuma tana hawa ɗakunan sama. A fitar dashi waje nesa da tagogi, da jarkar mansa. Tukunyar gas ita ma ta fita, dan gas ɗin girki yafi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru a wuri mafi zurfi, a ɗakin ƙasa kuma bashi da inda zai gangara ya fita, sai wani ya kunna makunnin fitila. In akwai tukunyar dafa ruwa mai aiki da gas ko mai a ƙasan, kar a killace ta a hana ta iska, ma'aikacin da ya san aikin ya duba bututun hayaƙinta. A sa ƙararrawar hayaƙi da ta kabon monoksayid a ƙasa da kuma saman matakala.

Akwai kuma wanda ko mamanku bata ambata ba, radon. Iska ce mai tururin nukiliya da ke fitowa daga yuraniyom ɗin dake cikin duwatsu da ƙasa, tana shigowa ta tsagar daɓe da gefen bututu da ramin famfo, kuma tafi taruwa a ɗaki mafi ƙasa a gida. Ba'a ganinta ba'a jin warinta, illarta sai an daɗe ana shaƙa, bayan taba sigari tana cikin manyan abubuwan da ke kawo kansar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009 ta bada shawarar kar ta wuce bekarel 100, wato ma'aunin tururin nukiliya, a kowace mita kubik ta iskar ɗaki, inda hakan bai yiwu ba kar ta haura 300, Amurka kuma daga 148 take cewa a ɗau mataki. Gida biyu na jere da juna ɗaya ya samu da yawa ɗaya kaɗan, dan haka ba'a cewa ai maƙwabta sun auna. Ɗan ƙaramin abin awo ake ajiyewa a ɗakin, wanda yafi inganci wata 3 yake yi. In tayi yawa ana toshe tsagogi a rufe bakin ramin famfo a sa bututu daga ƙarƙashin daɓe zuwa saman rufi da 'yar fanka mai zuƙo iskar, kuma yin haka kafin a shimfiɗa tayil yafi sauƙi nesa ba kusa ba. In babanku yayi waɗannan ina ganin mama da kanta zata tayaku jera kaya. Kafin nan kiyi karatu a can da rana bayan an fitar da inji da gas, kwana kuma a sama.

TAMBAYA: Malam za'a iya yin banɗaki a ƙasa kuwa? Mai aikin famfo yace ba matsala amma ni na kasa gane yadda ruwa zai hau sama.

AMSA: Tambayarka tafi amsarsa. Ya auna ya nuna maka inda babban bututun ƙazanta ke fita daga gidan. In yana ƙasa da daɓen ɗakin to ruwa zai gangara da kansa, fasa daɓe kawai za'a yi a kwantar da bututu da gangare. In yana sama da daɓen, kamar a tsakiyar bango, sai da inji, ko dai rufaffen rami a ƙasa mai famfo a ciki ko irin masan nan mai injin niƙa a bayansa da ke turawa ta siririn bututu. Duk biyun suna aiki amma in ba wuta ba'a kora ruwa, kuma basa son tsumma da audugar mata da goge-gogen jarirai. Ka sa a saka bawul mai hana ƙazanta dawowa, dan ranar da babban bututu ya toshe ko ya cika da ruwan sama ta masai mafi ƙasa yake amayowa, naka kenan. Fankar fitar da tururi kuma ta huda har waje, kar a sake ta cikin silin. Tunda ana maganar ruwa, mai wayarin ya ɗaga soket daga ƙasa sosai kuma ya sa wa layin ɗakin na'urar nan mai katse wuta da ta ji tana zurarewa, mai miliamfiya 30.

TAMBAYA: Yallaɓai kafet nake so bango zuwa bango saboda sanyin ƙasa, matata kuma tace tayil. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Madam. Tayil ko leda mai kauri ta zamani, sai ku jefa darduma a kai wadda za'a iya naɗewa a fitar a shanya. Kafet mannanne da katako zalla su ne farkon lalacewa ranar da ruwa ya shigo, ko da daga bututun da ya fashe a sama ne, dan duk ruwan da ya zube a gida ƙasa yake nema. In sanyin ne damuwarka a fara shimfiɗa roba mai ƙululu ko siririn allon soso kafin a ɗora na sama, ka dai tuna yana cin tsawon ɗaki. In sabon daɓe aka zuba kar ku yi gaggawar rufe shi, kwana 28 da ake faɗa na ƙarfin kankare ne, bushewarsa tafi haka daɗewa, a gwada da leda tukunna. In kuma tsohon gida ne mai tsohuwar ledar ƙasa 'yar murabba'i ko farin naɗi a jikin bututu, kar a kankare kar a goga da inji sai an gwada, wasu na ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da aka riƙa sawa a kayan gini, kuma ƙurarsa ce ke illa ga huhu.

TAMBAYA: Malam mun gama gyara namu, ba laima ba wari, amma ba mai son zama a ciki, yara sunce duhu kamar kogo. Kwan fitila ɗaya ne babba a tsakiya.

AMSA: To ai shine. Kwai ɗaya a tsakiya tsakiyar kawai yake haskawa ya bar kusurwoyi da inuwa, kuma ido bango yake kallo. A raba hasken, ƙananan fitilu na cikin silin da basa cin tsawo guda shida ko takwas gwargwadon girman ɗakin, wasu a kusa da bango yadda hasken zai zubo a jikinsa, da fitilar tsaye ɗaya inda ake karatu. Fenti mai haske, silin fari, labulen tagar a cire ko a sa shara-shara, in akwai ciyawa ko tarkace da suka rufe ta ta waje a share. Ƙofar saman matakala in aka sa mai gilas tana sauko da hasken sama, sai dai in dokar wajenku ta ce lallai ƙofar ta zama mai tare wuta to a bi doka. Matakalar kanta a haskata sosai da makunni sama da ƙasa, a sa mata abin riƙewa. Sannan ka saukar da abinda yaran ke so, talabijin ko teburin wasansu, ka tabbatar intanet na kaiwa can dan kankare na tare siginar, in bata kaiwa a ja waya a sa ƙaramar na'ura a ƙasan.